Sadakar Hajiya da Kujeru Bakwai

Kazaure, Litinin, 11 ga Maris

Aikin farko yau: goge farantan sola kafin rana ta ɗaga. Na yi.

Zuwa ga Maman Fatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da Fatu. Yaya idon Baba? Ina fata raɗaɗin aikin ya ragu, kuma kina ɗiga masa maganin a kan lokaci. Ni lafiya lau nake, sai gajiya da zafin nan da ya sauko da wuri.

Kin ce in riƙa kira maimakon rubutu. To wayarki kullum tana gefen tabarmar Baba, maganar kuwa ba ta kunnensa ba ce tukuna. Shi ya sa na ba Sama'ilu direba, na ce masa idan ya isa Roni hannunki kaɗai zai saka wa.

Maganar kayan da Baba ya ba makarantarmu ce. Kin san babbar kwamfutarmu ta mutu, wadda tambayoyin gwaji suke cikinta, sauran goma sha takwas ɗin suke ɗauka daga gare ta. Kin kuma san Baba ya sa Yaya Abdulnasir ya sayo wata ƙwaƙwalwar kwamfuta daga Legas, ya ce a zaɓo mafi girma, domin sadaka ce ga mahaifiyarki, marigayiya Hajiya. Abin da ba ki gani ba shi ne ranar miƙawa. Iyayen yara sun cika harabar. Baba ya rubuta sunan Hajiya da hannunsa a 'yar takarda ya liƙa a kwalin, kwana biyu kafin a yi masa aikin ido. Na durƙusa na karɓa, na ce, "Baba, wannan shi ne ainihin abin da muke nema." Ban buɗe kwalin ba, Maman Fatu. Ko rubutun jikinsa ban karanta ba. Baba ne ya miƙo, jama'a suna kallo, bakina ya yi gaba.

Jiya na kai wa Halliru mai gyara. Yana buɗewa ya yi fito ya ce, "Malam Haladu, wa ya mutu ya bar maka gado?" Sai idonsa ya kai kan takardar, ya yi ta istigfari har na ji tausayinsa.

Ga abin da ya bayyana mini, na kuma rubuta a littafina. Firosesa, wato ɗan ƙarfen da yake ƙwaƙwalwar kwamfuta, iri biyu ne. Akwai na tebur, irin na ofis da gida. Akwai na saba, wanda ake yi domin manyan wurare, ya yi aiki dare da rana a ɗaki mai sanyi, dubban mutane suna jingine da shi. Namu na saba ne, ya zo da allonsa da manyan fankokinsa. Halliru ya ce tirela aka saya mini domin in riƙa kai yara arba'in da ɗaya makaranta. Na ce ai tirelar za ta kai su. Ya ce, "Za ta kai su, idan kana da man da za ka ba ta."

Man namu kuwa batir huɗu ne da inbata ɗaya.

Ban yanke komai ba. Mai yiwuwa Halliru ya cika baki, mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba. Ranar Asabar za mu haɗa mu gwada. Ki gaida Baba da kyau, ki ce ina masa sannu. Ki shafa mini kan Fatu.

Naki,
Haladu

Kazaure, Asabar, 16 ga Maris

Maman Fatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da jikin Baba. Na ga yajin da kika aiko, na gode. Shi yake ceton shinkafar da nake dafawa.

Mun gwada. Da Halliru ya kunna ta, yaran suka kwashe da dariya, wai injin markaɗe aka kawo musu. Ƙararta ta cika ɗakin, iskar da take hurowa ta baya kamar ta bakin murhu. Amma ta yi aiki, tambayoyi suka fito a gaban kowa, har na fara cewa a raina na zalunci kayan Baba. Sha biyu saura kwata inbata ta yi kuka, komai ya ɗauke. Yara goma sha takwas suna tsakiyar lissafi, amsoshinsu suka tafi.

Da suka fita na zauna ni kaɗai. Na sake kunnawa, ina kashe ƙananan kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ina saurare. Sai da na kashe bakwai kukan ya tsaya. Goma sha ɗaya ke nan suka rage.

Ki bi ni a hankali, domin sau huɗu na yi lissafin. Da kujeru goma sha takwas, yara arba'in da ɗaya zama uku ne, kowa ya samu kafin La'asar. Da goma sha ɗaya, zama huɗu ne. Na huɗun yana faɗawa bayan La'asar, lokacin da rana ta yi sanyi batir ya sauka, kuma masu zuwa daga wajen Gwiwa dole su kama hanya. Yara takwas ke nan. Kuma su ne waɗanda ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba sai a ɗakin nan. Jarabawar shiga jami'a saura mako huɗu, kuma a kwamfuta ake yin ta. Ɗaya daga cikinsu, Jannatu, mai baki ce. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, mu 'yan zama na huɗu a ƙasa za mu zana maus ɗin mu riƙa dannawa?" Na ce ta wuce gida.

Halliru yana da aboki a Kano da yake neman irin wannan, zai karɓa ya ba mu na tebur sabo da duk kayansa. Wutar da yake ci ba ta kai ta kwamfuta biyu ba, kuma idan ya lalace a nan Kazaure za a gyara. Halliru ya rantse ga ɗan aikinmu ba za mu ga bambancin sauri ba.

Ina ta tambayar kaina, wane ne ni? Takardar sakandare gare ni, Yaya Abdulnasir kuwa injiniya ne. Bai yi laifi ba, mafi girma aka ce, mafi girma ya sayo. Babu wanda ya gaya masa batir nawa gare mu, kuma ni ya kamata in faɗa.

Sadakar mahaifiyarki ce, ba zan taɓa ta a ɓoye ba. Ina roƙonki, idan kin ga Baba cikin walwala, ki ɗan share mini hanya. Ke 'yarsa ce, bakinki ya fi nawa sauƙi.

Naki,
Haladu

Kazaure, Juma'a, 22 ga Maris

Maman Fatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, Baba kuma yana samun sauƙi.

Amsarki ta iso tun Litinin, layi uku. Kin ce ni na durƙusa na karɓa, ni zan durƙusa in faɗa, kuma Hajiya ba ta taɓa aiken yaro da maganar manya ba. Na ji haushi kwana ɗaya, daga baya na ga gaskiyarki.

Kin ga zuwana jiya, kin kuma ga tafiyata. Kin tambaye ni da ido a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai. To ban faɗa ba. Awa biyu na yi a zaure. Na tarar da baƙi uku, Baba yana ba su labarin cewa irin na'urar da manyan bankuna suke aiki da ita ce yanzu take ɗauke da sunan Hajiya a Kazaure. Ya ce liman ma ya sa ta a addu'a. Ya juyo wajen da ya ji muryata ya ce, "Ɗana, gaya musu yadda take aiki." Na ce, "Tana da ƙarfi ƙwarai, Baba." Ba ƙarya ba ce, amma tun a mota nake jin ɗacinta a bakina. Da baƙin suka tafi muka yi maganar irin gero da tsadar taki, na ci tuwonki, na yi sallama.

Mako guda ya tafi a haka. Ina ta juya lissafin, amma duk yadda na juya kujeru bakwai a kashe suke. Jannatu ta daina tsokanata, wannan ya fi damuna.

Na samo dabara. Baba tsohon magatakarda ne, takarda yake girmamawa. Na tsara komai a shafi ɗaya, na saba a dama, na tebur a hagu, na ja layi da rula. Gobe zan zo in miƙa masa, ba sai na buɗe baki ba. Ki taya ni da addu'a.

Naki,
Haladu

Kazaure, Lahadi, 24 ga Maris

Maman Fatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da hidima, Allah ya ba da lada. Yaya Baba ya kwana? Ki gaya mini gaskiya ko ya ci abinci bayan tafiyata.

Kina ciki, ba ki ji abin da ya faru a zaure ba, kuma na san ba zai gaya miki ba. Na durƙusa na miƙa takardar da hannu biyu. Ya karɓa, ya shafa ta, ya juya ta, sannan ya ce, "Haladu, da wane idon?" Kwana biyu ina jan layi da rula, ban tuna cewa mutumin da aka yi wa aikin ido ba ya karatu ba. Kowace wasiƙa da tambayar idonsa nake buɗe ta, amma na manta. Ya miƙo mini ita ya ce in karanta.

Na karanta. Na karanta wutar da kowanne yake ci, da zafi, da inda ake gyara. Da na zo kan kujeru ya tsayar da ni. Ya ce in maimaita. Na ce goma sha ɗaya da wannan, goma sha takwas da wancan. Ya ce yara nawa suke komawa gida ba su zauna ba. Na ce takwas. Ya ce in faɗi sunayensu. Na faɗa, har da garuruwansu. Ya san kakan biyu daga ciki.

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce Hajiya idan ta yi abincin sadaka ba ta tambayar girman tukunya, sai dai ta tsaya a ƙofa ta tabbata babu wanda ya koma da kwano wayam. Ya ce in kai Kano a musanya. Sharaɗinsa ɗaya, takardar da ya rubuta ta koma jikin sabon, domin bai sani ba ko hannunsa zai sake yin rubutu mai kyau haka.

Na fara godiya, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Yaushe ka sani?" Na ce mako biyu. Ya ce, "Ranar Alhamis kana zaune a nan, ka bar ni ina cika baki gaban baƙi. Ni ne ba na gani, Haladu, kai kana gani." Na ce kunya ce, Baba. Ya ce ya sani, shi ma ya yi wa surukinsa kunya shekara talatin, amma bai taɓa barinsa ya yi tuntuɓe a bainar jama'a ba. Ya ce shi zai kira Yaya Abdulnasir da kansa, shi zai kuma gaya wa liman, kada in sa baki.

Kin lura bai sa kin kawo mini ruwa karo na biyu ba. Da na yi sallama ya ce, "Sauka lafiya, Malam Haladu." Shekara goma sha huɗu ɗana yake ce mini.

Yaran sun sami kujerunsu, in Allah ya yarda daga Laraba. Na zaci zan ji sauƙi, amma ban ji ba. Kada ki yi masa maganata, wannan ma tawa ce. Ki dai kula da maganinsa. Ki ce wa Fatu na ga zanen da ta saka mini a aljihu.

Ga abin da ya rage na gobe, na rubuta a nan domin littafina ya cika:

1. Goge farantan sola.
2. Kwance na saba tare da Halliru, a mayar da kowane abu ledarsa.
3. Motar farko zuwa Kano. In buɗe kwalin, in karanta, in sa a kunna a gabana kafin in ce na gode.
4. Sake tsara zama uku. Jannatu da sauran bakwai a zaman farko har ranar jarabawa.
5. Ɓare takardar Baba da reza a hankali, kada ta yage. Neman gam mai kyau.
6. Abin da zan ce wa Baba ranar Juma'a. Gaban wannan ban rubuta komai ba tukuna.

Naki har kullum,
Haladu