Ƙanƙarar da Kuka Ce In Sa wa Ƙafar Maigidana

Zuwa ga Shugaban asibitin kula da raunin 'yan wasa da muke zuwa a nan Greensboro,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, da fatan aiki yana tafiya lafiya. Sunana Rumaisa, matar aure ce ni, muna zaune a wajen titin Gate City Boulevard. Na rubuta da Hausa don tafintanku ya karanta maka, na kuma sa wasiƙar a zauren matanmu na waya domin kada wata ta faɗa inda na faɗa.

Ba na ɓoyewa, ni mai karatun littattafan soyayya ce. A cikinsu idan likita ya cire tabarau ya yi magana, to an gama. Da wannan imanin na shigo asibitinku.

1. Wata Asabar a watan jiya maigidana ya yi targaɗe a idon sawu, wurin ƙwallon da suke bugawa da abokansa. Likitanku na farko ya ce babu karaya. Ya ce a sa ƙanƙara, a ɗaure, a ɗaga ƙafar, kada ya taka. Na tambaye shi gashi da ruwan zafi fa, ya girgiza kai kamar na ambaci guba. Bai ce a ganinsa ba, bai ce akwai masu wani ra'ayin ba.

2. A gidanmu akwai Hajiya, mahaifiyarsa, da ta zo mana ziyara daga Kano. Ranka ya daɗe, shi ɗanta ne na fari. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Shi da kansa ya ce min bai taɓa tuna ranar da ta riƙe hannunsa ba. Amma da ta ga kumburin nan, sai ta dafa ruwa, ta ɗauko tawul, ta durƙusa a gabansa ta ɗora ƙafarsa a cinyarta. Na ga idonsa ya cika da hawaye. Ni kuma, da maganar likitanku a kunnena, na zo na zare tawul ɗin daga hannunta, na ce likita ya hana, na kawo ƙanƙara daga firiza. Ta tashi ta zubar da ruwanta.

3. Da muka koma makon jiya, wani ma'aikacinku ne ya karɓe mu, mai koya wa masu rauni motsa jiki. Ya tambayi abin da muke yi, na faɗa masa ina alfahari. Sai ya yi murmushi ya ce ai batun ƙanƙara masu bincike ba su gama gardama a kansa ba. Wasu sun ce tana rage zafi ne kawai, kuma tana iya jinkirta warkewa, domin kumburi yana cikin hanyar da jiki ke gyara kansa. Wasu sun ce babu isasshiyar hujja a kan hakan. Zaman da maigidana ya yi ba ya taka ƙafar ma, ya ce ya yi yawa. Ruwan zafi kuwa, ya ce ba sa so a kwanakin farko, amma idan kumburi ya sauka ba laifi.

Asibiti ɗaya, ƙafa ɗaya, ƙofa biyu ce kawai tsakanin ɗakunansu!

4. Ban ce masana su daina gardama ba, aikinsu ke nan. Ban kuma ce Hajiya ce da gaskiya a ranar ba. Abin da ya girgiza ni shi ne a ce kun san ana jayayya, ku ba ni rabin magana kamar aya. Da likitanku ya ce min a jinkirta gashin zuwa wasu kwanaki, da na durƙusa na roƙi Hajiya ta ɗan jira, da aikin ya zama nata. Yanzu tana amsa gaisuwata da baki kawai, ta kuma sa a matso mata da ranar tikitinta na komawa Kano zuwa ƙarshen watan nan. Idan ta tafi a haka, ban san ranar da za ta sake taka gidana ba.

Roƙona guda biyu ne. Na farko, ku haɗa bakin ma'aikatanku, inda kuma ilimi bai tsaya ba ku faɗa wa mutane bai tsaya ba. Za mu iya ɗauka. Na biyu, ranar da za mu dawo zan lallaɓa Hajiya ta biyo mu. Ina so likitan nan na farko, shi da bakinsa, ta hannun tafintanku, ya gaya mata kumburi ya sauka, lokacin gashi ya yi, kuma hannunta ake buƙata. Daga bakina ba za ta karɓa ba. Idan ta yarda, ni zan dafa ruwan, in ajiye mata tawul ɗinta, in fita in ja musu ƙofa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa waraka a hannunku, Ya kare ku daga furta kalmar da za ta raba uwa da ɗanta.

Wassalam,
Rumaisa