Abin da Ya Fito a Bangon Karaye

Talata, 4 ga Fabrairu, 2025

Na kasa cin abinci. 

Yau a Karaye ina nuna wa manoma bidiyon yadda ake shanya albasa kafin a kai ta rumbu. Majigi na haska bango, dattawa a gaba kan tabarmi, mata daga baya. Na haɗa kwamfutar ofis da intanet ɗin wayata don in nuna masu hasashen yanayi. Sai ga wani hoto ya faɗo bisa albasar. Mace kusan tsirara, tana kiran mutane caca. Na rufe, wani ya buɗe, na maganin maza. A bango, girman ƙofar zaure.

Samari sunka kwashe da dariya. Liman Ya'ƙub ya miƙe ya ɗauki takalmansa, "A'uzu billahi" kawai na ji ya ce. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Malamar gona, wanga iri ƙaƙa ake shuka shi?"

Na fizge igiyar majigin. Ban san yadda na iso gida Jega ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Manhajar yanka bidiyo ce kaɗai sabon abu a kwamfutar nan. Ta kyauta, na sauke ta makon jiya. Naziru abokin aikina ya ba ni sunanta. Da na tare shi da maganar sai ya yi murmushi. "Ai tana da sa hannun kamfani, Ihsan. Da mugun abu ce da kwamfuta ta yi kashedi. Ko dai wani wuri kika leƙa?"

Wai wasa yake. Tir da irin wannan wasa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Goggo Tasalla ta bugo wa Inna daga Maiyama. A bakin mutanen can, fim na sa wa maza. Shugaban ofis ya ce in dakata da zuwa ƙauye, Naziru zai riƙe Karaye. Baba bai ce min komai ba. Da faɗa ya yi, da ya fi min sauƙi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na zauna na binciki fayil ɗin da na sauke. Na buɗe bayanansa, na shiga wurin sa hannu. Ga sunan kamfani, ga kwanan wata, ga kwamfuta tana tabbatar min sa hannun ingantacce ne. Lafiya lau!

Wato ba ɓarawo ne ya haura katanga ba. Mutane ne masu ofis da suna, sun yi sallama ta ƙofa, sannan sunka yi kashi tsakar gida.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Yau ina Aliero. Motoci cike da buhunan albasa, ni ko kallonsu ba na son yi. Na tafi wurin Bushira, ƙawata tun sakandare, da ke koyar da kwamfuta.

Ta ɗora fayil ɗin a wani shafi da ke haɗa manhajojin kariya masu yawa su duba abu guda. Mafi yawansu sunka ce ba komai. Wasu kaɗan sunka fito da ja: manhajar cusa talla. Na ce to wa zan yarda da shi? Ta ce ai masu cewa ba komai ɗin cutar kwamfuta suke nema, wannan kuwa wasunsu ba su ɗauke ta cuta ba, kasuwanci ne a wurinsu.

"Sa hannu bai ce abu tsabtatacce ne ba," in ji ta. "Cewa yake ga wanda ya yi shi, kuma ba a taɓa shi a hanya ba. Iyakarsa ke nan."

Munka sake girka manhajar a wata tsohuwar kwamfuta, muna karanta kowane shafi. Can ƙasan wani shafi ga ɗan akwati kamar ƙwayar gero, an riga an yi masa alamar yarda, rubutunsa dishi-dishi: na amince da tayin abokan hulɗa. Ashe ni na yarda. Da yatsana na danna "gaba, gaba", ina sauri.

Wannan ya fi hoton ƙazanta. Wani ya zauna da gangan ya ƙanƙance akwatin nan.

Cire ta ma aiki ne. Mun goge manhajar, tallan bai tafi ba. Ta bar 'ya'yanta a manhajar shiga intanet, da wani da ke tashi duk sa'ad da anka kunna kwamfuta. Sai bayan la'asar munka gama.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na goge madannan kwamfutar da tsumma, kamar abin a jikinta yake. Sakarci.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na nuna wa shugaba komai a ofis: sa hannun, jajayen layukan, akwatin. Ya ce a duba sauran kwamfutocin. Ana buɗe ta Naziru, sai ga matar nan ta caca.

Ya sani. Tun bara yake rufe tallace-tallacen da sun fito, bai gaya wa kowa ba. Kuma ya ba ni sunan manhajar. Kuma ya tambaye ni inda na leƙa.

"Ni na ɗauka ta kowa haka take yi," ya ce, yana kallon takalminsa.

Shugaba ya ce in koma Karaye. Na ce ban komawa. Su ci dariyarsu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na yi wa Baba bayani. Na ce kamar buhu ne da sunan mai shi a jiki, ɗinki bai ɓalle ba, amma tsakiya ruɓaɓɓiya. Ya ce, "To mai buhun, wa za ya kama shi?"

Na ce babu. Yana wata ƙasa, kuma zai ce na amince.

"To ke da ba ki yi komai ba, don mi kike ɓuya?"



Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na je Karaye. Don albasa na je, sun fara cira, in an tara ta da danshi asarar tasu ce. Ban kunna intanet ba.

Kafin in fara na faɗi abin da ya faru, a tsaye. Ba wanda ya yi dariya. Liman Ya'ƙub ya ce, "Ɗiyata, ni ma ban kyauta ba da na tashi ban tambaya ba." Bayan taro ya jawo ni gefe, ya fiddo wayarsa daga aljihu, ya rage murya. Wai tun da jikansa ya sa masa manhajar lokutan salla, abubuwa ke fitowa. Ya daina buɗe ta gaban mutane.

Na duba, na cire. Kafin in ɗago kai, wayoyi sun taru a kan tabarmar, har da ta mai tambayar iri. Na so in ture tasa. Na gyara ta.

Matan sun kawo fura, na sha. Ban ce na huce ba. Na dai ce masu kada kowa ya sauke komai kafin Alhamis mai zuwa, sai na gani.