Rabin Awar Azahar

Zuwa ga ɗana Garba,

Kada ka ninke takardar nan sai ka kai ƙarshenta. Bayan gaisuwa, yaya jikinka, yaya Hadiza da yara, yaya zaman Kaduna? Mu nan Mafara lafiya lau.

Jiya Baba Yohanna, abokin aikin marigayi babanku, ya zo gaisuwa. Ɗansa da ke kamfaninku ya ce ba ka tashi daga kan keken ɗinki lokacin hutu, don ka ƙara yawan riguna. Na ji kunya.

Lokacin ginin madatsar ruwan Bakolori, gwargwadon kwanon kankaren da su babanku suka ɗauka ake biyansu. Sun sha wuya kafin a yarda musu da hutun rabin awa da azahar. Nakan kai musu fura gindin tsamiya, Yohanna na gadin kwanoni, saura na salla. Babanku yakan ce in mutum ɗaya ya ƙi hutawa, gobe za a hana kowa. Ko ranar da ba mu da gero, sai ya zauna ya huta.

Ka gaida kowa, ku sa babanku a addu'a. Daga yau, kuɗin lokacin hutu ba za su shiga tukunyata ba.

Mahaifiyarka