Ruwan Sama Bai Isa Ya Kashe Tsoho Kwasau Ba

Zuwa ga Baba Yohanna, Shugaban Ƙungiyar Wasan Labari ta garinmu Kafanchan, da Oga Ike mai kemis, alƙalin teburin ranar Asabar, da sauran 'yan ƙungiya.

Ranka ya daɗe Baba, ina gaisuwa da ladabi. Ina fatan iyali suna lafiya, ƙafar ma ta yi sauƙi. Oga Ike, ina gaishe ka, a gaishe mini da Madam da yara.

Zan fara da yabo, don kada a ce matar Malam Ayuba ba ta san alheri ba. A duk ƙasar nan tamu ban ga mai ilimin doka irin Oga Ike ba. Littafin dokokin wasan nan mai kauri kamar bulo, da Turanci, ya haddace shi har da ƙananan rubutun ƙasan shafi. Kuma alherinsa bai tsaya ga mutane ba, har dabbobi sun samu. Kurayen da ke cikin labarinsa ya sa su makaranta, sun karanta kimiyyar ruwan sama, sun fito da digiri. Kura tana gudu cikin duhun hadari, yunwa na cin ta, amma sai ta ja birki ta lura cewa ɗigon ruwa bai fantsama a kan dutse yadda ya kamata ba. Shekara da shekaru ina sayar da gwanjo, ban taɓa samun kwastoma mai ido irin na kurayen nan ba, kuma na gode wa Allah, don da tuni na koma noman citta a Madakiya.

An ce mini ba ni da bakin ɗaukaka ƙara, wai ni ba memba ba ce, riƙon kujera nake yi. Na rubuta a gurup na waya, aka goge. Shi ya sa na manna wannan takarda a ƙofar shagon da ake wasa, na kuma sa 'yata Gloriya ta ɗora ta a intanet.

Saboda masu wucewa da ba su san wasan ba: mutane ne ke zama kewaye da tebur, kowa yana da mutum ɗaya da yake juyawa a cikin labari. Alƙalin tebur shi ke jan labarin, shi ke juya dodanni da mugaye. In abu ya zo da shakka, a jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuskoki da yawa, ita za ta yanke. Ni ma da, in na ga manyan mutane masu furfura suna gardama a kan dodon da babu shi, dariya nake yi. Yanzu ba na dariya.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Kun san yadda na zo teburin nan. Maigidana Malam Ayuba yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, tun ana zama a barandar gidanmu. Mutuminsa a labari, Tsoho Kwasau mai rufa-ido, ya girmi wasu daga cikin yaran da ke zuwa kallo. Bara da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya tafi, magana ta koma da ƙyar. Da muka dawo daga asibiti ya juya fuska bango. Fasto ya zo, 'yan zumuntar mata sun zo sun yi waƙa, tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Kagoro, bai juyo ba. Abinci sai na yi kamar zan yi kuka. Ranar da na ce masa zan je in zauna a kujerarsa don kada Kwasau ya rasa mai shi, ranar ya juyo ya kalle ni, ya yi wani sauti da na gane dariya ce. Yana dariyar ni ce zan yi wasan.

Tun daga nan haka muke. Ranar Juma'a da yamma ya ba ni umarni, kalma ɗaya ɗaya, ina haɗawa. Ranar Asabar in rufe rumfa da wuri, ranar da kasuwa ta fi ci, in zo in zauna da ku. In koma gida in ba shi labari tun daga farko, har da wanda ya yi gyangyaɗi. Nas ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa da hannun da ya shanye, ya ƙi. Jakar ƙwayoyin wasansa yake matsawa. Yanzu yatsu biyu suna motsi. Ban ce wasa magani ne ba, Oga Ike ne mai kemis. Abin da na gani da idona nake faɗa.

Na biyu. Abin da ya faru ranar Asabar da ta wuce. A cikin labari kuraye sun koro mu har bakin kogo. Sauran sun shige ciki, Kwasau ne na ƙarshe, ga tsufa, ga rauni. Wannan wurin maigida ya hango shi tun mako guda kafin nan. Yammacin Juma'a gaba ɗaya ya ɗauka kafin ya iya fitar mini da shi: bango, bakin kogo. Gumi ya jiƙe masa riga. Da lokacin ya zo na faɗa yadda ya koya mini, Kwasau ya yi rufa-ido, bakin kogo ya koma kamar dutse ɗaya ba ƙofa. Malam Sani tela har ya tafa.

A daidai wannan lokacin ruwa ya sauko a Kafanchan, yana dukan kwanon shagon. Kowa ya san al'adar Oga Ike, duk abin da ya faru a waje sai ya jawo shi cikin labari. Mai mashin ya yi hon, ya zama ƙahon mayaƙa. Awaki sun shigo, sun zama aljanu. Maigida yana son wannan hali nasa, ni ma ina so. To ya ɗaga kai ya dubi kwano, ya ce a bakin kogo ma ruwa ya sauko. Sai ya ce tun da ruwa yana ratsa bangon, kuraye sun gane ƙarya ce, sun shigo, sun kama Kwasau. Ba a jefa ƙwaya ba. Na ce a jefa, ya ce babu abin jefawa, doka a fili take.

Ina so Baba ya lura da jerin abin. Lokacin da na yi rufa-idon, babu ruwa a labari. Bayan na gama aka kawo shi. A layinmu, in mun gama ciniki na naɗe riga na miƙa, ba na dawowa in ce ashe maɓallan daban ake saye. Ruwan Kafanchan ne ya kashe mutumin mijina, ruwan da ya jiƙa mini dilar gwanjo guda a rumfa a wannan yammacin. Da hadarin ya zarce Godogodo, da Kwasau yana raye.

Na uku. Dokar kanta. Na sa Gloriya ta karanta mini shafin ta waya, ni ma na bi da yatsa, don na yi sakandare ko da ban ƙarasa da sakamakon nunawa ba. Na yarda rufa-ido ba shi da jiki, abu yana ratsa shi, kuma wanda ya taɓa shi ko ya tsaya ya bincika zai iya ganewa. Ban musa ko ɗaya ba. Da na ce bangon ya tare kura da ƙarfi, ko ya hana ruwa shiga, da Oga Ike yana da gaskiya, kuma da na rufe bakina. Abin da na ce kawai shi ne ido ya ga dutse.

Amma in ɗigon ruwa ya isa ya tona rufa-ido ba tare da kowa ya bincika ba, to iska ma ta isa, ƙuda ma ya isa, sauro ma. A ce kawai sihirin na rani ne, a cikin ɗaki, taga a rufe, a rubuta haka a allo kowa ya sani. Mutumin da ya zaɓi mai rufa-ido sai ya je hutu daga farkon damina har kaka.

Kuma ni na san abu ɗaya a kan ido, don da shi nake cin abinci. Ido ba ya binciken abin da bai zarga ba. Mutum zai zo da sauri, motar Kagoro na shirin tashi, ya ɗauki riga ya biya, bai duba wuya ba, bai duba hammata ba. Wanda aka taɓa cuta shi ke juya riga ciki waje. Wata kura za ta iya zarga, ban hana ba. Wata ba za ta zarga ba. To wace iri ce ta biyo mu? Ai don irin wannan tambayar aka yi ƙwayar. In ba za a jefa ta a nan ba, me muke ɗawainiyar kawo ta?

Na huɗu, kuma a nan Oga Ike zai yi haƙuri da ni. Wata biyu ko uku da suka wuce, mayyarsa ta cikin labari ta yi mana gadar rufa-ido a kan kogi. Ruwa ake yi a labarin kamar da bakin ƙwarya, shi da bakinsa ya faɗa, har yana buga tebur da yatsu yana kwaikwayon sautin. Babu wanda ya ce mana ruwa na ratsa gada. Jarumin Malam Sani ya taka ya faɗa kogi, ya rasa takobinsa, muka yi dariya muka ce mayya ta iya. Malam Sani yana nan da rai, shagonsa na bayan tasha, a tambaye shi. Ko ruwan wancan ranar mai ladabi ne, yana ganin gadar alƙali sai ya kauce?

Da na tuna wa Oga Ike wannan a waje, sai maganar ta canja, wai ai kura da hanci take farauta, rufa-ido kuwa ba ya rufe wari. To madalla, wannan hujja ce mai kyau, da ita aka kawo a tebur da na ji kunya. Amma ba ita aka kawo ba. Kuma ruwan da ya kawo da kansa, shi ke wanke sawu da wari, kowane maharbi ya san haka. Ya zaɓi ɗaya, ko ruwan ko hancin.

Na biyar. Wasu sun zo mini da shawarar a ce wani mala'ika ya sauko ya ɗauke Kwasau, a wuce wurin. Na gode, amma kun manta da wanda kuke magana a kansa. Mutumin da ya koya wa rabinku wasan nan, bakinsa ne ya karkace, kansa lafiya lau. Zai gane sadaka ce tun ban rufe baki ba, kuma tausayi shi ne abin da ya sa ya juya bango tun farko. Wasu kuma sun ce ai sai ya buɗe sabon mutum, haka dokar ƙungiya take, wanda nasa ya mutu ya fara daga ƙasa. Mutumin da ke koyon riƙe cokali a shekarunsa, ku ce ya sake fara wani abu daga ƙasa. Ni ba zan iya kai masa wannan ba.

Har yau maigida bai san an kashe Kwasau ba. Na ba shi labari har inda bango ya tashi, na ce ruwa ya tashe mu, za a ci gaba. Tun ranar yake murna da bangonsa. Jiya ya cinye tuwonsa tas, ya nuna mini da yatsa yadda kuraye za su yi ta zagaye dutse. Ni da nake iya sayar wa mutum kwat a watan zafi, na kasa haɗa ido da mijina. Ina shiga kicin in tsaya ba abin da nake dafawa. Asabar tana matsowa, kuma ba ni da wani ruwan da zan sake fakewa da shi.

Saboda haka ina roƙo, Baba, da gwiwoyina a ƙasa.

A mayar da labari daidai inda bango ya tashi. A bar ruwan, na yafe, a ma ƙara wa kuraye maki saboda shi in doka ta ba da dama. Amma a jefa ƙwaya. A jefa ta a fili, ba a bayan kwalin da alƙali ke ɓoye hannunsa ba.

Kuma a ɗauko teburin a kawo falonmu ranar Asabar. Zan share, zan dafa, kunun ma ni zan kawo. A jefa a gabansa. In kuraye suka ci, zai ga an kashe Kwasau bisa doka, a hannun abokansa, kamar yadda ake kashe na kowa. Zai yi baƙin ciki, na sani, kuma ban san abin da zai biyo baya ba, tsoronsa ya hana ni sukuni. Amma wannan zan iya zama kusa da shi mu ɗauka tare.

Na ƙarshe, ƙungiya ta zauna ta yanke magana ɗaya a kan ruwa da rufa-ido, wadda za ta hau kan mayyar alƙali kamar yadda ta hau kan Tsoho Kwasau na mijina.

Oga Ike, ban manta ba kai ne ka kai mu asibiti da motarka ranar da ya faɗi, kuma har yau kai kake aiko da maganin hawan jini kafin in tambaya. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Ubangiji ya albarkaci kasuwarka, ya raya maka yara, ya kiyaye gidanka daga irin wannan ciwo. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka hikimar raba wannan gardama.

Wassalam.

Ni ce Rifkatu, matar Malam Ayuba, layin 'yan gwanjo.

In kuwa kun zauna kun ga hukuncin nan ba ya taɓuwa, ba zan ƙara cewa komai ba. Ƙofarmu a buɗe take, yana kwance a ɗakin hannun hagu. Wanene a cikinku zai shigo ya karanta masa shafin dokar?