Littafin Ganuwa Ya Kwana a Aljihu

Laraba da dare, Maradun.

Da safe na gyara shingen awaki.

Ɗalibai biyu daga jami'ar Sakkwato sun zo rubuta tarihin tsohuwar ganuwa kafin ruwan dam ya cinye ta. Na shekara shida ina auna ta da taku, ina tambayar tsofaffi. Amma wurin Garba mahauci suka zauna, yana zuba musu labarin aljanu. Har hoto suka ɗauke shi. Sunansa ne zai shiga takarda.

Ya ce, "Malam Isa, fito da littafinka mana, ko kunya yake ji?" Na yi yaƙe na wuce. In da kuskure a ciki fa?

Gobe:
Facin keke.
Dusar awaki.
Tasha, kafin motarsu ta tashi, littafin a hannu.