Injin da Baba Ya Zaɓa

Assalamu alaikum, Yaya Balarabe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran 'yan gida da ke nan Fatakwal. Mu ma muna nan Mafara a gidan Kawu Maiwada, inda muke tun da muka baro ƙauye. Inna ƙafa ta yi sauƙi, sai dai barci da ya ƙaurace mata tun rasuwar ƙanenmu Shafi'u.

Saƙonka na a sayo wa Baba injin shuka ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Ranar Talata na raka shi wurin mai walda da ke ƙera su a bayan kasuwa. Ya nuna mana iri biyu, duka masu haƙora ne da ke tsaga ƙasa, iri na zubowa a bayansu. Babban yana da haƙora biyar, shanu biyu ke jan sa, wani na riƙe da igiya, wani na kula da zubar iri. Mai waldar ya rantse shi ne daidai da gona mai faɗi irin tamu ta Maradun. Ƙaramin kuwa haƙori biyu ne, sa guda ya ishe shi. Ka san Baba da ciniki, ko allura zai saya sai ya gajiyar da mai ita. Ranar nan bai ko taɓa babban ba. Tambaya ɗaya ya yi, wanne ne mutum ɗaya zai iya sarrafawa. Ƙaramin ya saya. Na yi ta mita a hanya, har na ce masa tsufa ya fara taɓa shi.

Sai da muka iso gida na ga ya jingine sungumi a bayan rumbun Kawu, sannan na gane nufinsa. Ka tuna yadda muke shuka, shi a gaba yana sara, mu a baya muna zuba gero muna rufewa da diddige. A wannan sahun 'yan bindigar daji suka iske Shafi'u bara, suka kashe shi. Baba ba sauƙin aiki yake nema ba, Yaya. So yake ya koma gonar ba tare da ɗa ko jika a bayansa ba. Na yi masa kuka, na ce in da rai da rabo. Ya ce ba zai shekara biyu yana cin tuwon wani ba, kuma idan an zo, a iske shi shi kaɗai.

Tsoro nake ji ƙwarai. Maganarka kaɗai yake saurare, don Allah ka kira shi kafin ruwa ya sauka, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Inna da Kawu suna gaishe ka, haka Hasana daga Bakura. Ka gaida Bushra da yara. Jiya Baba ya shafa wa haƙoran injin mai, ya ɗaure iri a buhu.

Taka ƙanwarka,
Nazifa