Huɗu Maimakon Takwas

Gusau, 9 ga Maris, 1998

Zuwa ga Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Bungudu.

Yaya, ki yi haƙuri da rubutuna. Jiya muka dawo daga asibitin Zariya, sai na wuce gidan Kawu Hamidu don na kasa shiga gidana a Tsafe. Kin san kullutun nan na wuyana da suka ce ciwon dajin kaluluwa ne. An yi mini ƙarin ruwan maganin sau huɗu, sumata ta zube, ko fura ba ta zama a cikina, duk na daure saboda sau takwas aka ce. Jiya likita ya duba ni ya ce a tsaya haka, a ɗan gasa wurin da na'ura, shi ke nan.

Haka fa aka yi wa Baba. Aka tsayar da magani aka ce a kai shi gida, bai cika wata ba. Na durƙusa ina roƙon a ƙarasa mini, maigidana ya ɗaga ni ya ce likita ya fi mu sani. In maigidana ya gaya miki abin da yake ɓoye mini, don Allah ki faɗa mini. 'Yata Hafsat ko yaye ba ta gama mantawa ba. In ta Allah ta kasance, ke na bar wa ita.

Ƙanwarki,
Sa'adiya

Tsafe, 20 ga Mayu, 1998

Yaya Uwani,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taki? Na ji ita ta hana ki zuwa, Allah ya sawwaƙe.

Na koma wurin likitan, na ce maigidana ya jira a waje. Likita ya ce, "Sa'adiya, ba sallamar ki muke yi ba. Naki da wuri aka kama shi, kuma ya narke. Sauran huɗun za su iya taɓa miki zuciya da huhu a banza." Na ce ya rantse ciwon ba zai dawo ba. Ya ce wannan ba zai iya ba. Na yi kuka, sannan na yarda.

An gama gasa wurin, ina gida. Kullum in na idar da salla sai na lalubi wuyana. Yau ma babu komai, amma na daina yarda da yatsuna. Da kin samu sauƙi ki zo ki taɓa da naki hannun.

Taki har kullum,
Sa'adiya